Daga Bunkure zuwa tsibirin Gberefu: Yadda hazo ya koya mana lissafin tafiya

Duk wanda ya tashi a Bunkure ya san jiran ruwa. Ruwan da muke noman rani da shi daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can yake biyo babban kanal, ya rabu zuwa reshen gabas da na yamma, ya shiga ƙananan hanyoyi, sannan ya isa gonakin shinkafa da alkama da tumatir da albasa na Bunkure da Kura da Garun Malam. Manomin da gonarsa take kusa da bakin kanal shi yake fara sha. Wanda tasa take can wutsiya kuwa, duk abin da ya faru a sama a kansa yake ƙarewa. In an makara wajen buɗe ƙofar ruwa, ko ciyawa ta toshe hanya, ko wani ya tare ruwan da dare, shi ne zai wayi gari ya tarar tumatirinsa ya yi yaushi.

Mun san wannan tun muna firamare, amma ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa tafiya ma haka take ba, sai da muka yi niyyar zuwa ganin teku.

Mu biyar ne, uku 'yan Bunkure, biyu 'yan Kura, dukkanmu ɗalibai a jami'a ɗaya a Kano. Ɗayanmu mai karatun tarihi shi ya fara kawo maganar. Ya ce akwai wani tsibiri a Badagry ta jihar Legas da ake kira Gberefu, inda a da ake bi da bayi a zuba su a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Amurka, kuma cikin waɗanda aka tafi da su daga wannan gaɓar teku har da Hausawa. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu. Ruwa mafi faɗi da muka sani shi ne na Tiga. Sai muka kafa adashi. Kusan shekara guda muna zubi da kuɗin ƙwadagon yankan shinkafa, da na lodin kwanduna a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, da abin da muka rage daga kuɗin abincin makaranta. Da kuɗi suka taru muka yanke shawarar mu tafi a jirgin sama, tunda ba mu taɓa hawa ba, mu dawo a babbar bas don ta fi arha.

Lissafin da ba shi da numfashi

Mun tsara tafiyar a watan Janairu, cikin ɗan hutun mako guda. A takarda komai ya zauna daram. Ranar Talata jirgi zai tashi daga Kano da ƙarfe goma na safe, mu sauka Legas kafin sha biyu, mu kama motar Badagry, ƙarfe huɗu mu shiga kwalekwale zuwa tsibiri. Mun ma riga mun tura wa mai kwalekwalen kafin alƙalami ta hannun wani ɗan jagora da muka samu lambarsa. Laraba mu zaga gidajen tarihi, Alhamis mu hau bas, Litinin mu shiga aji, inda gwaji yake jiran uku daga cikinmu.

Daren da za mu tashi muka je yi wa mahaifin ma'ajinmu sallama. Dattijo ne da ya shekara fiye da talatin yana noma a wutsiyar kanal. Muka karanta masa jadawalin muna alfahari. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce, "To, ku yaran nan, ina ranar jira?"

Muka ce, "Wace rana ke nan, Baba?"

Ya ce, "Ni in an ce mini za a sako ruwa ran Talata, ban taɓa dasa tumatir da lissafin Talata ba. Da lissafin Alhamis nake dasawa. In ya zo Talata, riba ce."

Muka yi dariya, muka ce ai jirgin sama ba kanal ba ne. Bai ja da mu ba. Ya dai kira ɗansa gefe ya yi masa magana a hankali, mu kuma ba mu tambayi abin da ya ce masa ba.

Ranar Talata a filin jirgi

Bayan sallar asuba muka bar Bunkure. Tun daga Karfi, inda hanyarmu take haɗuwa da titin Zariya, direba yake tafe da fitila a kunne. Da muka zo gadar Tamburawa ko kogin ba mu gani ba. Rana ta fito fara fat kamar faranti, mutum yana iya kallonta ido da ido. Mu dai murnarmu kawai muke yi, muna cewa yau sanyi ya yi daɗin tafiya.

Mun isa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano tun kafin ƙarfe takwas. Aka duba tikiti da katin shaida, aka auna jakunkuna, muka zauna a ɗakin jira muna ɗaukar hoto. Goma saura kwata aka yi sanarwa cewa an ɗaga tashinmu zuwa sha biyu saboda yanayi. Da sha biyu ta yi aka ce sai ƙarfe biyu. Autanmu ya leƙa ta gilashi ya ce shi fa ko jirgin bai gani ba, balle a ce hazo ya hana shi tashi.

Wani ma'aikacin kamfanin jirgin ne ya warware mana wannan. Ya ce jirgin namu yana Legas, bai ma taso ba. Shi ne zai kawo fasinjojin can, ya sauke su, ya ɗauke mu. Sauka kuwa ta fi tashi buƙatar gani, domin duk da na'urorin da suke taimaka wa matuƙi, dole ne in ya sauko zuwa wani tsayi ya ga titin saukar da idonsa. In bai gani ba sai ya sake ɗagawa ya nemi wani filin. Shi ya sa kamfani ba ya sakin jirgi daga Legas sai rahoton masu hasashen yanayi ya nuna nisan da ake iya gani a Kano ya kai abin da doka ta ƙayyade.

Mai karatun aikin gona a cikinmu ya ƙara mana da abin da suka yi a aji. Yawancin ƙurar hunturu daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele, wanda a zamanin da ƙasan wani babban tafki ne. Iskar arewa maso gabas ce take kwaso ta tsakanin ƙarshen Nuwamba da tsakiyar Maris, ta baza ta a kan Arewacin Nijeriya da Nijar, wata ma har ta tsallake tekun Atlantika. Wato busasshen tafki a Chadi ya riƙe jirgi a Legas, ya zaunar da mu a Kano, mai kwalekwale kuma yana jiranmu a Badagry. A nan ne muka fara kallon juna muna tuna maganar Baba. Tafiyarmu kanal ce mai ƙofofi huɗu, mota da jirgi da wata motar da kwalekwale, kuma abin da muka fito dominsa shi ne a wutsiya.

Zaman jira yana nuna wanda ya saba da wanda bai saba ba. Wasu suna ta ɗaga murya a gaban kanta, kamar ma'aikaciyar da take wurin ita ta turo ƙurar. Kusa da mu kuwa wata Hajiya ce 'yar kasuwa, ta shimfiɗa ɗankwali a cinya ta buɗe kwanon dambun nama. Ta dube mu ta ce, "Samari, kun ci abinci?" Muka ce mun sha shayi da asuba. Ta miƙo mana kwanon, ta ce ita in za ta hau jirgi da hunturu sai ta ɗauki guzuri kamar mai tafiyar mota. Daga gare ta muka koyi a riƙa cajin waya tun kafin ta mutu, a kuma bar abin sanyi da magani da caja a jakar hannu, domin babbar jaka in ta shiga ciki samunta sai an sha wuya.

Ita ce kuma ta ce mu duba haƙƙinmu. Muka bincika a waya. Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, sun tanadi cewa in jinkirin jirgin cikin gida ya kai awa biyu a ba fasinja ɗan abin sha da na taɓawa, in ya kai awa uku yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa. Ma'ajinmu ya je ya tambaya cikin ladabi, aka ba mu ruwa da biskit.

Ƙarfe biyar na yamma aka ce an soke tashin gaba ɗaya. Wanda yake so a mayar masa da kuɗi ya cike takarda, wanda yake so a mayar da shi jirgin gobe ya ba da tikitinsa.

A nan muka yi gardamarmu ta farko. Biyu suka ce mu karɓi kuɗinmu mu je mu hau bas ɗin dare. Muka zauna muka lissafa. Daga Kano zuwa Legas a mota kusan kilomita 1,000 ne, tafiyar dare da mafi yawan yini. Kuɗin tikiti kuma ba a hannu za a ba mu nan take ba. In mun bi mota ba za mu riga jirgin gobe isa ba, in har ya tashi. Sai muka bar tikitinmu. Abu ɗaya da muka yi daidai a wannan ranar shi ne kiran ɗan jagoranmu tun sanarwar farko, muka kuma sake kiransa bayan kowace sanarwa. Saboda haka mai kwalekwale bai ɓata yininsa yana jira ba, ya kuma yarda kafin alƙalaminmu ya tsaya har mu zo. Muka kira Kawun ɗayanmu da yake sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, muka sanar da shi. Daren nan a ɗakin wani abokin karatunmu muka kwana, mu biyar a kan katifa biyu.

Legas, da hanyar Badagry

Ranar Laraba da hantsi hazo ya ɗan yi sauƙi, har muna iya ganin bishiyoyin da suke bayan titin jirgi. Wajen ƙarfe ɗaya muka tashi. Mai tarihinmu, wanda ba ya rasa abin faɗa, ya ce a watan Nuwamba na 1925 ne jiragen sama suka fara sauka a Kano, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. Babu wanda ya amsa masa, kowa ya riƙe hannun kujera. Muna hudowa saman ƙurar sai ga sama shuɗiya tas, ƙasa kuma ta ɓace a ƙarƙashin wani bargo mai launin toka. Bayan kamar awa ɗaya da rabi muka sauka a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, wanda yake ɗauke da sunan ɗan Kano.

Kawu yana jiranmu a waje. Ya dubi agogo ya ce, "Ku kwana wurina a Agege, ku yi sammako gobe." Muka ce, "Kawu, ai mun riga mun yi asarar kwana guda." Ya girgiza kai, ya saka mu a mota. A taswira Badagry ba ta da nisa, kilomita sittin ne ko sama da haka kaɗan. A kan titi kuwa gosulo ne yake yanke hukunci. Muka wuce Mile 2, muka wuce Alaba Rago inda muka riƙa jin Hausa ta taga kamar muna Kwanar Gafan, muka ratsa Okokomaiko da Agbara muna tafiya muna tsayawa. Da muka isa bakin ruwa a Badagry rana tana gab da faɗuwa.

Mai kwalekwalenmu ya riga ya ɗaure jirginsa ya tafi gida. Ga tsibirin can a tsallake, muna hangen bishiyoyin kwakwarsa. Sai wani matashi ya matso ya ce zai kai mu yanzu ya dawo da mu, in za mu ƙara masa kuɗi. Muka leƙa kwalekwalensa. Babu fitila, rigunan kariya daga nutsewa kuma guda biyu ne kacal.

Gardama ta biyu ta fi ta farko zafi. In ba mu haye yau ba, sai gobe Alhamis, kuma gobe ce ranar bas ɗinmu. Kuɗin da muka sani ya rage bai kai ya biya ƙarin kwana da sabon tikiti ba. Autanmu har idonsa ya kawo ruwa, yana cewa shekara guda yana ɗaukar kwando a ka, ga shi yana ganin wurin da idonsa. Ɗan jagora ya gaya mana hukumomi sun hana zirga-zirgar jiragen fasinja a ruwa da dare, sun kuma wajabta wa kowa sa rigar kariya. Amma abin da ya kashe gardamar shi ne da ɗayanmu ya ce, "Kun manta Bagwai?" Babu ɗan Kano da ya manta. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife da yamma a madatsar Watari, a kan hanyarsa daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai, mutum fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Muka yi shiru. Muka ba matashin haƙuri, ya tafi.

Sai a lokacin ma'ajinmu ya zaro wata ambulan daga cikin aljihun jakarsa. Ashe abin da Baba ya gaya masa a gefe shi ne ya ware wani abu daga kuɗin adashin ya ɓoye, kada ya faɗa mana, domin in mun sani za mu cinye shi a tsire da lemo tun daga Kano. Da wannan kuɗin muka biya masauki, muka kuma kira tashar bas aka mayar da tikitinmu Juma'a bayan mun biya ɗan ƙari.

Tsibirin

Ranar Alhamis ƙarfe takwas na safe, kowa da rigarsa ta kariya, muka shiga kwalekwale mai inji. Tsallakawar ba ta kai minti goma ba. Kwana biyu muna fama saboda minti goma, har abin ya ba mu dariya.

Dariyar ta tsaya da muka fara taka hanyar yashi da ta ratsa tsibirin zuwa teku. Tafiyar kusan rabin awa ce cikin rana, ƙafa tana nutsewa. Mu da takalma da robar ruwa a hannu muka gaji, balle wanda aka ɗaure wa sarƙa a wuya da ƙafa, bayan ya yi watanni ana koro shi daga arewa. A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya. Ɗan jagora ya ce labarin da aka gada shi ne ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta garuruwansu. Mai tarihinmu ya ce in ma an yi hakan, mantuwar ba ta kama kowa ba. Hausawan da aka kai Bahia ta ƙasar Brazil sun shirya tawaye a 1807, sun sake tayarwa a 1809 da 1814, kuma a Janairun 1835 bayi Musulmi sun yi babban bore a birnin Salvador, wanda Yarbawa suka fi yawa a cikinsa, da Hausawa a tare da su. An samu takardu da rubutun Larabci a jikin wasu daga cikinsu.

Kafin mu ga tekun mun ji shi, wani ruri kamar na manyan motoci masu yawa a nesa. Da muka hau tudun yashi na ƙarshe sai ga shi, ruwa har iyakar gani, babu tsallake. Tiga tana da bakin da ake hangowa, wannan ba shi da shi. Babu wanda ya ɗauki hoto a mintunan farko. Mun tsaya ne muna tunanin wani yaro sa'anmu, wataƙila daga ƙasar Rano ko Zazzau, da ya tsaya a irin wannan wuri shekara ɗari biyu da suka wuce, bai taɓa ganin ruwa irin wannan ba, kuma babu tikitin dawowa a hannunsa. Muka yi musu addu'a.

Da muka dawo cikin gari muka ga gidan bene da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Nijeriya, da kurkukun bayi na Seriki Abass mai ƙananan ɗakuna masu duhu, da sarƙoƙin da aka adana. A nan muka ji wani abu da ya sa muka ji kunyar ƙorafinmu. Baturen nan Hugh Clapperton daga Badagry ya kama hanya a Disamban 1825, bai isa Kano ba sai Yulin 1826, daga baya ya mutu a Sakkwato a 1827. Hanyar da ta ci masa wata bakwai ita muka yi cikin awa ɗaya da rabi, muna kuma fushi don an ce mu jira kwana guda.

Ga ƙannenmu masu shirin yawon buɗe ido

Da yawa daga cikinku makarantunku za su kai ku Tiga ko Yankari ko Abuja, wasu kuma nan gaba za su hau jirgi zuwa karatu ko aikin Hajji. In za ku tsara tafiya, ku fara lissafi daga ƙarshe. Ku tambayi wane abu ne ba ya jira, kamar kwalekwalen da ba ya tashi bayan faɗuwar rana ko jarrabawar da ba a ɗagawa, sannan ku bar kwana guda tsakaninsa da jirgi ko motar da za ta kai ku. Tsakanin Disamba da Fabrairu ku saurari hasashen hukumar NiMet kafin ku bar gida. Ku ware kuɗin ko-ta-kwana a hannun wanda ya fi ku riƙon amana. Duk wanda yake jiranku a gaba ku sanar da shi tun jinkirin farko. In kuma an zo bakin ruwa, kada asarar kuɗi ko ta lokaci ta tura ku cikin jirgin da ba shi da rigar kariya. Sauri ya haifi nawa, a ruwa kuma abin da yake haifarwa ya fi nawa muni.

Mun kwana wurin Kawu a Agege ranar Alhamis, kamar yadda ya so tun farko, bai kuwa fasa tuna mana ba. Juma'a muka hau bas, Asabar da la'asar muka sauka Kano, masu gwaji suka samu Lahadi suka yi bita.

Kafin mu koma makaranta muka biya ta gonar Baba. Mun same shi a bakin hanyar ruwa da fartanya, an sako ruwa yana bi da shi kunya-kunya. Autanmu ya miƙa masa robar da ya ciko da ruwan teku, wadda ya rungumo tun daga Badagry. Baba ya buɗe, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar.

Ya ce, "Duk yawansa haka yake?"

Muka ce, "Haka yake, Baba."

Ya rufe robar ya ajiye a gindin kunya. Ya ce, "To Allah ya bar mana Tiga. Ku kama mini nan, kafin su rufe ƙofa."